Wasiƙa daga Belgirad: masana'antar da ma'aikata suka riƙe ragamarta

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Belgirad, babban birnin Sabiya, inda nake karatu. Dattijon da nake haya a gidansa ya shekara talatin yana aikin walda a wata masana'anta zamanin Yugoslabiya, tsohuwar tarayyar da Sabiya take cikinta a da, kuma duk daren da muka zauna shan kofi sai hirarsa ta gangara kan majalisar ma'aikata. Da farko na ɗauka kewar ƙuruciya ce kawai ke damunsa.

Ashe abin ya samo asali ne daga ɓatawar Tito, shugaban Yugoslabiya, da Stalin, shugaban Tarayyar Sobiyet, a 1948. Shugabannin ƙasar suka nemi gurguzun da ba irin na Mosko ba, sai a 1950 aka yi dokar da ta damƙa tafiyar da masana'antu a hannun ma'aikata. Masana'anta ta zama mallakar al'umma, ba ta gwamnati ba, ba ta wani attajiri ba. Ma'aikata su zaɓi majalisa, ita ke amincewa da tsarin aikin shekara, ita ke raba kuɗin da aka samu, kuma tana da baki wajen naɗa darakta. Kaya kuwa a kai su kasuwa su yi gogayya, musamman bayan gyaran tattalin arziki na 1965.

Tsarin mulkin 1974, wanda Edvard Kardelj, na hannun daman Tito, ya yi ruwa ya yi tsaki wajen tsara shi, yana da sassa har 406. Wannan tsarin mulki ne ya tsattsaga manyan masana'antu zuwa ƙananan rukunai, kowane da asusunsa. Tsarin tattalin arziki kuma daga ƙasa zai taso: rukunai su ƙulla yarjejeniya da juna, da ƙananan hukumomi, har a kai ga tarayya. Nan ne Baba, wato dattijon mai gidan, yake ƙyaƙyacewa da dariya. Ya ce su masu walda sai sun yi ciniki da masu fenti kamar baƙin da suka haɗu a kasuwa, alhali rufi ɗaya ke kansu. Taro kan taro, kuma sau da yawa 'yan jam'iyyar kwaminis mai mulki sun gama magana kafin a shiga zauren.

Duk da haka gidan da nake kwana ciki ta wurin aikinsa ya samu, kuma kowace shekara yakan kai iyalinsa hutu bakin tekun Adiriyatik.

Inda muke jayayya shi ne batun iri. Manomi ya san ba a cinye irin shuka. To amma ka ce wa mutum ya kaɗa ƙuri'a tsakanin ƙarin albashinsa da sayen sabon inji, alhali in ya bar aiki ba shi da kaso a injin, me kake tsammani? Sai a ƙara albashi, a ciwo bashin banki. Wanda bai samu aiki ba kuma ba shi da kujera a majalisar kowa, shi ya sa bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da aka ƙulla da Jamus ta Yamma a 1968 dubun dubatar matasa suka tafi ci-rani can. Tito ya rasu a 1980 ana bin ƙasar kusan dala biliyan 20.

Baba ya ce ban taɓa ganin darakta yana gumi a gaban leburori ba, don haka ba zan gane ba. Ranar Lahadi zai kai ni Gidan Furanni, inda kabarin Tito yake, kuma ya gindaya mini sharaɗi: kada in tayar da maganar bashi sai mun fito.

A gaida mutanen gida.

Naku,
ɗalibi a Belgirad