Ƙasusuwan zabi da yatsan Auta

Talata. Da safe komai lafiya lau. Koko da ƙosai, sannan na leƙa jajayen awakin Hajiya. Wadda ta haihu ran Juma'a ta warware, ƴaƴan biyu sai tsalle. Hazo ya rufe wajen Gulbi, sanyi ya fara shigowa, ni kuwa raina fes.

Wajen ƙarfe 11 sai ga kiran Kawu: "Likita, taho ka ga Duna, ƙashi ya tsaya mishi."

Jiya aka yi sunan gidan. Ƙasusuwan soyayyun zabi aka tara a kwano bayan madafa, da dare Duna, karen gidan, ya afka musu. Inna ta ce na zabi huɗu ne, bai bar ko ɗaya ba. Na tarar da shi ɗaure gindin dogon yaro, yana ta kai ƙafa baki, yawu na dalala. Gefe guda ga kwalbar man gyaɗa, ga kofi cike da ruwan gishiri.

"Kawu, waɗannan fa?"

"Ɗura mishi za mu yi ya amayar. Kai kawai muke jira."

"Ku yi haƙuri, Kawu, a kwashe su."

Ya dube ni sheƙeƙe. Ya ce tun ba a haife ni ba yake kiwon karnuka, kuma kare da ƙashi ai ba yau suka saba ba. Da gaskiyarsa ta wani gefen. Ruwan tumbin kare yana da ƙarfi, yakan narkar da ƙananan ƙasusuwa da yawa, shi ya sa mafi yawan karnukan da suka ci suke wucewa lafiya. Amma ƙashin da wuta ta taɓa daban yake. Na kaza ko na zabo, in an soya ko an gasa, bushewa yake yi, in an tauna sai ya tsage tsini-tsini kamar tsinken tsire. Abin da ya sauka ciki lafiya, in ka tilasta shi ya dawo, sai ya sake bi ta maƙoshi, kuma maƙoshi ya fi tumbi saurin yagewa. Ruwan gishiri kuwa shi kansa guba ne in ya yi yawa, yana sa kare rawar jiki da farfaɗiya. Mai ma in an ɗura wa dabbar da ke fizge-fizge, sau da yawa hanyar iska yake bi ya sauka huhu, bayan kwana biyu a koma jinyar ciwon huhu. Inna ta ce to ko a ba shi ƙwayar ciwon jiki. Na ce ita ma a'a. Ibuprofen yana cin tumbin kare ya taɓa ƙoda, parasitamol yana lalata hanta.

Abu na farko da ake dubawa numfashi ne. Duna yana shaƙa yana fitarwa, harshensa ja, don haka ba gaggawa irin ta shaƙewa. Da harshen ya koma shuɗi yana neman iska, sai a ɗaga ƙafafunsa na baya, a sa dunƙulen hannu bayan haƙarƙari a matsa sama da ƙarfi kamar sau 5, a duba baki. Ba mu kai nan ba. Na sa safar hannu, mutum biyu suka riƙe shi, muka gitta guntun icce tsakanin muƙamuƙansa, na haska tocila. Ga shi nan, ƙashin cinya ya gicciye a ganɗa, ya maƙale tsakanin turamen sama na dama da na hagu. Wurin nan ƙashi yakan maƙale sau da yawa, kuma mai leƙa maƙogwaro kawai ba zai gan shi ba. Na kama tsakiyarsa da awartaki na ja ƙasa, ya fito da ɗan jini. Duna ya girgiza kai, ya tafi kwano ya sha ruwa, ruwan ya zauna. Wannan shan ruwan nake jira. Karen da ƙashi ya tsaya wa cikin maƙoshi yakan dawo da abin da ya haɗiye nan take, ba narkewa, yana miƙa wuya yana kakari. Irin wannan ba a kwana da shi a gida, don ƙashin yana danne naman wurin har ya ɓule.

Kawu ya ce, "Shi ke nan, an gama." Na ce saura na cikin ciki.

Abin da na bar musu ke nan. Yau cikin burodi mai laushi, kamar rabin sanda, a jiƙa da ruwa. Daga nan farar shinkafa da dafaffiyar kabewa, ludayi biyu, sau huɗu a yini, har kwana uku. Duna zai kai kilo 18, ruwan da yake buƙata wajen lita guda a yini, kada kwanon ya bushe. Ba miya ko kaɗan, albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Burodin nan ba magani ba ne, yana dai lulluɓe tsinin ne ya tura shi gaba. A bar shi ɗaure, ba yawo, don a ga duk abin da ya fitar. Abinci yakan ratsa cikin kare cikin awa 10 zuwa 24, amma tsaro na kwana uku ne. In bayan gidan ya fito fari yana marmashewa kamar alli, ƙashi ne ya narke, ba komai. In baƙi ne wuluk kamar kwalta, jini ne daga sama. Amai a kai a kai, ƙin abinci, ciki ya yi tauri yana kuka in an taɓa, ko ya dinga kwantar da ƙirji ƙasa yana ɗaga ƙugu, ko yana nishi ba abin da ke fita, kowanne aka gani a kira ni ko tsakar dare ne, sai a kai shi wurin da za a ɗauki hoton ciki. Ƙashi yana fitowa sarai a hoto. In kuma an ga tsini ya leƙo ta dubura, kada wani ya ja. Na nuna wa Inna yadda ake danna dasashi: ya yi fari ya dawo ja kafin daƙiƙa 2. Zafin jikinsa digiri 38.6, daidai, na kare tsakanin 38 da 39 yake zama.

Na tura wa babban ɗan gidan saƙo don kada a manta. Wayata ba ta da harafi mai ƙugiya, sai ya fita "a dinga duba kashi cikin kashi". Ya maido mini da dariya kawai.

Ina wanke awartaki a bakin famfo na ga yatsan Auta ɗaure da tsumma.

"Auta, me ya same ka?"

"Ba komai, Yaya. Na sa hannu ne in ciro mishi, haƙori ya karce ni."

Nan raina ya ɓaci, har yanzu bai dawo ba. Dalalar yawu, baki a buɗe, kasa haɗiya, haka haukan kare yake zuwa a nau'insa mai shiru, wanda kare ba ya bin kowa da cizo. Mutane sukan ɗauka ƙashi ne ya tsaya, su zura hannu. Shi ya sa ba a sa hannu tsirara a bakin kare mai dalala, ko naka ne. Na Duna ƙashi ne, na ciro da kaina, yawun kuma ya tsaya. Amma na tambayi takardar allurarsa, Kawu ya ce ba a taɓa yi mishi ba, kuma kullum da dare yana fita cikin karnukan unguwa. Allurar da ake farawa tun kare na wata uku.

Na kwance tsumman, na tsaya kan yaron ya wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ina duba agogo. Yana ta mita wai sanyi. Na ce a kai shi likita yau a fara mishi allura, a kuma tsare Duna kwana 10 ana lura da shi. Ba a jira kwanakin su cika kafin a fara. Ciwon yakan ɓuya wata biyu zuwa uku, in ya bayyana kuwa ba a tashi.

Kawu ya ce, "Ɗan ƙwarzanen nan? Allah ya tsare." Na ce amin, amma a je. Ya ce sai ya dawo daga kasuwa.

La'asar, kajin Malam. Magariba aka ɗauke wuta.

Bayan isha'i na kira. Duna ya cinye shinkafarsa, bai yi amai ba, bai fitar da komai ba tukuna. Auta yana gida, ba a kai shi ba. Na gaya wa Inna ta shirya shi, ƙarfe 7 zan zo da babur in ɗauke shi da kaina.