Turbar da ake gyarawa tun dusar ƙanƙara ba ta sauka ba

Lillehammer ƙaramin gari ne a ƙasar Norway, a ƙarshen tafkin Mjøsa ta arewa, mutanensa ba su kai 30,000 ba. Duniya ta san shi ne saboda gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a can a 1994. Karatu ne ya kai ni, amma darasin da ya fi zauna mini a rai a dazuzzukan saman garin na same shi, wajen Nordseter da Sjusjøen, inda na riƙa bin wata ƙaramar ƙungiyar sa-kai aikin gyaran turbar zamiya.

Zamiyar da nake nufi ta dogon zango ce, ba irin ta gangarowa daga kan dutse a guje da aka fi nunawa a talabijin ba. Mutum ya ɗaura siraran katakai biyu a ƙafa, ya riƙe sanduna biyu, ya yi ta turawa yana ratsa daji, hawa da gangara, na tsawon kilomitoci. A wajensu ba wasan 'yan gayu ba ne. Tsohuwa za ta wuce ka fiu, uba na jan jariri a ɗan akwati a bayansa, ma'aikaci ya taso daga ofis ya shiga turbar da aka sa wa fitilu. Ga dalili kuwa: a watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe 3, azahar da la'asar da magariba duk su taru a ɗan taƙin lokaci, wanda kuma ya kulle kansa a ɗaki cikin wannan duhu ƙunci zai kama shi.

Baƙo in ya ga turbar a watan Janairu, fara tas, shimfiɗe, da layuka biyu da katakan ke bi kamar an ja su da rula, sai ya yaba wa mota. Akwai motar kam, wata katafila mai faɗin ƙafa da ke murƙushe dusar, ta daddale ta, ta zana layukan a bayanta. Sai dai motar tana gyara abin da ta tarar ne. Ainihin aikin a Satumba da Oktoba ake yin sa, lokacin da babu ko ƙwayar dusa a ƙasa, sai laka da yayyafi da sanyi mai shiga ƙashi. A sare ƙananan itatuwan da suka tsiro a tsakiyar hanya, a datse rassan da nauyin dusa zai sunkuyo da su, a tone kututture, a ture duwatsu, a yashe magudanan ruwa, a sa kwalbati inda ƙorama ta ratsa, a sauya katakon kadarkon da ya ruɓe. A saman tudu inda itatuwa suka ƙare, a kafa dogayen sanduna jere, don in guguwa ta taso sama da ƙasa suka zama fari ɗaya, mutum ya san inda ya dosa.

Da farko aikin ya yi mini kama da neman suna. Me dutse mai girman kan mutum zai hana, tunda dusa za ta rufe shi? Wani dattijo da ya daɗe yana tuƙa katafilar ne ya warware mini. Ƙasar da aka daidaita, dusa kaɗan ta ishe ta a buɗe turba. Wadda aka bari da kututture da ramuka kuwa sai an jira dusa mai yawa, in ba haka ba haƙoran motar su karye, katakan mutane su kankare. Yanzu da hunturu ke zuwa a makare, wani lokaci a yi ruwan sama a tsakiyarsa, wannan bambanci shi ne makonnin da za a samu ko a rasa. Tun ran gini tun ran zane.

Maganar fadama ta fi ba ni mamaki, don ta saɓa wa abin da hankali ke fara kawowa. Ni a tunanina duk inda dusa ta lulluɓe ya daskare ke nan. Ashe dusar da ta zubo sako-sako cike take da iska, bargo ce, tana hana sanyi isa ƙasa. In ta sauka da kauri a kan fadamar da ba ta riga ta daskare ba, ruwan ƙasan zai iya zama ruwa har tsakiyar hunturu, motar mai nauyin tan da yawa ta zo ta nutse. Saboda haka da zarar dusar farko ta zubo, sai a bi ta kai da ƙaramin babur ɗin dusa, a yi ta kai da komo har ta danne, iskar ta fita, sanyi ya samu hanyar ratsawa ya daskarar da lakar. Bayan nan babbar mota ta shigo. Haka ma lokacin fitar motar yana da ƙa'ida: da dare ko da asuba, domin dusar da aka motsa tana bukatar 'yan sa'o'i cikin sanyi kafin ta kama jikinta ta yi tauri. Wanda ya taka ta da takalmi kafin nan ya bar ramukan da za su daskare su zama tarko ga na baya. Ban taɓa ganin fuskar mutumin Norway ta ɓaci da sauri kamar in ya ga sawun takalmi a cikin layin zamiya ba.

Duk wannan ilimi ba a rubuce yake a littafin koyarwa ba. Yana kan mutanen da suka san wace kwana ce iska ke kwashe wa dusa, wane gefe ne rana ke fara narkarwa a watan Maris. Ni da na zo da tarbiyyar gida, kiran mai furfura da sunansa tsirara ya yi mini nauyi a baki, su kuwa haka suke yi, yaro da babba. Girmamawar a wani wuri take fitowa: in dattijon ya ce kwalbatin nan a matsar da shi gaba kaɗan, injiniya mai digiri ma ɗaukar shebur yake yi.

Wa ke biyan kuɗin? Dokar yawo a daji ta 1957 ta tabbatar wa kowa 'yancin ratsa dajin da ba a noma ba, ko na waye, har ma gona a lokacin da ta daskare ko dusa ta rufe ta. Don haka ba a kafa shinge a karɓi kuɗin shiga turba. Amma 'yancin wucewa daban, izinin sare itace da tona ƙasa da shigo da mota daban; wannan sai an zauna da mai fili. Man dizal da gyaran mota kuma daga gudummawar ganin dama suke fitowa, da tallafin ƙaramar hukuma da na 'yan kasuwa da masu gidajen hutu. Za ka ga allo a bakin turba da lambar tura kuɗi ta manhajar Vipps. Wasu su tura, wasu su kau da kai su wuce.

Su suna kiran irin wannan aiki dugnad, kuma duk Bahaushe zai tuna da gayya. Sai dai gayya tana da mai gona, wanda zai dafa abinci, wanda kuma za a jira ya rama. Turba ba ta da mai ita, galibin masu morar ta ba su san wanda ya gyara ba. Abin da na lura yana riƙe da aikin ba zumuɗi ba ne, tsari ne marar armashi: an sanar da rana tun da wuri, an faɗi lokacin farawa da na tashi kuma ana cikawa, an raba wa kowa yankinsa, kayan aiki na nan a shirye, a ƙarshe a sha kofi da waina irin tasu a watse. Ba jawabi, ba babban baƙo. Mutum yana dawowa ne don ya san ba za a cinye masa yini ba. A aikin rukuni na makaranta na gwada wannan, na daina kiran taro marar lokacin tashi, kuma na ga bambanci.

Ba zan mai da su waliyyai ba. Akwai kunyar maƙwabta a ciki, don a ƙaramin gari an san wanda bai fito ba. Akwai gunaguni kan masu zuwa daga Oslo a ƙarshen mako su more su tafi. Kuma in ka duba fuskokin masu fitowa aikin kaka, furfura ta fi yawa.

A watan Maris ake gasar Birkebeiner, kilomita 54 daga Rena zuwa Lillehammer, ta ratsa Sjusjøen. Tun 1932 ake yin ta, kowane ɗan gasa da jaka mai nauyin aƙalla kilo 3.5 a baya, don tunawa da mayaƙa biyu da suka tsallaka duwatsun nan da wani jariri ɗan sarki mai suna Håkon Håkonsson a 1206 don kuɓutar da shi daga abokan gaba. Dubban mutane ke shiga, 'yan sa-kai kuma su ne a tashoshin ruwa da mararraba tun kafin gari ya waye. Ranar kowa na ganin su, ana yi musu godiya.

Bayan 'yan makonni dusa ta fara narkewa, abin da ta ɓoye ya fito: ledoji, safar hannu, karyayyun sanduna. Sai a sake fita, a tsince, a tattara alamomin hanya. Dattijon nan yana tafe da ɗan littafi a aljihu yana rubuta inda ruwa ya kwanta, inda dutse ya leƙo da wuri, kadarkon da ya karkace. Da wannan littafin ake raba aikin Satumba.