Kada jimillar volt ta ruɗe ka a batirin LiPo

Ɗauki batirin LiPo (lithium polymer) da aka fi sa wa ƙananan jiragen rimot, wato 3S mai 2200mAh (mAh ma'aunin yawan wutar da batir ke riƙewa ne). Sel uku ne a jere a cikinsa, kowanne yana cika a volt 4.20, jimilla 12.6. Matsalar ita ce mita za ta iya nuna maka 12.6 cif alhali sel ɗaya yana 4.10, na biyu 4.20, na uku kuma ya haura 4.30. Jimilla ta yi daidai, amma na ukun ya sha caji fiye da ƙima, kuma shi ne zai fara kumbura.

Shi ya sa batirin ke da wayoyi kashi biyu. Manyan biyun nan, ja da baƙa masu filogin da ake kira XT60, su ke ɗaukar wuta. Ƙaramin farin filogi mai siraran wayoyi huɗu kuwa ta nan caja ke leƙa kowane sel. A jona duka biyun, a zaɓi tsarin Balance mai daidaita sel-sel, a tabbata allon cajar ya nuna LiPo da 3S kafin a danna maɓallin farawa. Wanda ya zaɓi LiHV (tsarin wani nau'in batir mai cika sama da LiPo) bisa kuskure zai tura sel zuwa 4.35.

Ƙarfin caji 1C ya isa, wato amp daidai da girman batirin, amp 2.2 ga wannan mai 2200mAh, kimanin sa'a guda ke nan. Idan ya kai ƙarshe ya tsaya yana jan ƙafa, ba lalacewa cajar ta yi ba. Tana zuƙe wutar sel ɗin da ya yi gaba ne kaɗan-kaɗan har na baya su cim masa, kuma a caja irin iMAX B6 wannan zuƙar ba ta wuce 300mA. A bar ta ta gama. Ita wannan cajar tana karɓar volt 11 zuwa 18, don haka ko babu wutar NEPA batirin mota ko na sola ya wadatar.

Gwajin da ya fi faɗin gaskiya bayan jirgi ya sauka ake yin sa. A bar batirin ya huce, sannan a auna. Sel ɗin da ke 3.7 zuwa 3.75 ya nuna an sauka a kan kari. Idan biyu suna 3.75 ɗaya yana 3.50, wannan ɗayan ya gaji, ko da caja tana daidaita shi kullum. A duba kuma nawa cajar ta mayar: fiye da 1760mAh na nufin an cinye sama da kashi 80 cikin ɗari, sai a rage mintunan tashi. Cajar da ke auna turjiyar cikin sel tana ƙara haske. Wanda lambarsa ta ninka ta 'yan'uwansa shi ne ke sa jirgi ya yi sanyi da an buɗe masa wuta.

Zafi babban abokin gaba ne. Batir cike a cikin mota a zafin ranar Afrilu ba ya daɗewa. In ba za a tashi cikin kwana biyu ba, a saukar da shi zuwa 3.8 kowane sel da tsarin Storage na cajar, wato na ajiya. Caji kuma a kan siminti ake yi, nesa da katifa da labule, da bokitin yashi a kusa, mutum yana wurin. Wanda ya kumbura kada a huda shi. A jona masa kwan fitilar mota a waje har wutarsa ta ƙare ƙaf.