Jinyar ƙwaƙwalwa da aljihun talaka a Bauchi da Gombe

Ba kuɗin ganin likita ne ke durƙusar da iyalin mai ciwon ƙwaƙwalwa ba. Abin da ke cinye akuya da buhun masara shi ne yawon da ake sha kafin a isa asibiti, da kuma dawowar ciwon bayan an yanke magani. Sai a shafe watanni ana zaga gidajen masu hayaƙi, ana sayen ƙwayar barci a kemis, har ranar da mutum zai fara fashe-fashe. Ranar ce za a ɗauko shatar mota, a ba shi gado. Kwanciyar ita ce tsada: ga kuɗin gado, ga abinci, ga ɗan jinyar da ya rufe shagonsa ya tare a asibiti. Wanda aka kawo da wuri kuwa, yawanci dubawa ce kawai a ba shi magani ya koma gida.

Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, haka ma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Ba sai an kama hanyar asibitocin ƙwaƙwalwa na Maiduguri, Barnawa a Kaduna ko Dawanau a Kano ba, domin kuɗin motar mutum biyu zuwa can da dawowa ya isa sayen magani na tsawon lokaci. Mutumin Dukku, Bajoga, Ningi ko Alkaleri ya fara da babban asibitin garinsu, a auna masa jini, a tabbatar ba zazzaɓi mai zafi, sanƙarau ko faɗuwar suga ce ta rikita shi ba, sannan ya karɓi takardar turawa. Kafin a hau mota a bincika ranar da sashen ke duba marasa lafiya, don ba kullum ake zama ba, kuma mutane da yawa sun yi asarar kuɗin mota a kan haka. A tafi da wanda ke kwana gida ɗaya da majinyacin, ba kawun da ya zo jiya daga wani gari ba. Likita zai tambayi yaushe barci ya ƙaurace, yaushe aka daina wanka, ko ana shan tiramol ko wiwi. A tattara kwalayen duk abin da ya taɓa sha a leda a nuna.

A gaban likita kada kunya ta hana ka cewa, "Likita, ƙarfina kaɗan ne, a rubuta mana wanda za mu iya saye kowane wata." Wannan maganar tana sauya abin da za a rubuta. Tsofaffin magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine na masu jin muryoyi da zarge-zarge, amitriptyline na ciwon damuwa, phenobarbitone da carbamazepine na farfaɗiya, duk suna da araha kuma suna aiki. Sababbi kamar olanzapine sun fi sauƙin sha ga wasu, amma suna sa ƙiba da hawan suga, kuma maganin da za a sha wata biyu a kasa saye bai kai mai arahar da za a ɗore a kai ba. A nemi a rubuta ainihin sunan maganin, ba sunan kamfani ba, a fara tambaya a famasin asibiti, a kuma duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne makonnin farko. Maganin damuwa ba fanadol ba ne. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauƙi, wani lokaci har 6, alhali bushewar baki da jin barci na amitriptyline tun daren farko suke zuwa. Sai mutum ya ce bai karɓe shi ba, ya watsar. In an samu sauƙi kuma, ana ci gaba da sha na aƙalla wata 6, likita ne zai rage a hankali. Shi kuwa haloperidol yakan sandarar da jiki, hannu ya riƙa rawa, wuya ya murɗe, ido ya ƙafe sama. Iyali na ganin haka sai a ce iskokai ne suka tashi, a koma gidan jiya. Illar magani ce, kuma ana kwance ta da rage adadi ko da benzhexol, wanda aka fi sani da Artane. Sai dai a karɓe shi da takardar likita, a ɓoye shi, don matasa na shan sa a matsayin kayan maye.

Akwai abubuwa uku da ba a wasa da su. Ƙuraje da gyambon baki bayan fara carbamazepine, a dakata a koma asibiti a ranar. Mace mai ciki ko mai shirin ɗauka ta faɗa tun farko, musamman saboda sodium valproate, wani maganin farfaɗiya da ke lahanta jaririn da ke ciki. Amitriptyline kuma in an sha da yawa yana tsayar da zuciya, don haka in mutum yana maganar gara mutuwa, maganin ya zauna a hannun wani babba, a riƙa ba shi na rana ɗaya.

Ga mai jin muryoyi da zarge-zarge da ke ƙin haɗiyar ƙwaya ko yake mantuwa, a tambayi likita batun allurar fluphenazine, wadda ake yi bayan kowane mako 2 zuwa 4. Tana rage faɗan kullum a gida. In jiki ya daidaita, a roƙi likita ya tsawaita ranar dawowa, ya rubuta maganin wata biyu ko uku, ya kuma yarda a riƙa yin allurar a asibitin kusa. Azumi ma ba dalilin yankewa ba ne, a tambaya tun cikin Sha'aban yadda za a mayar da sha zuwa buɗa-baki da sahur.

Ta fuskar tallafi, Gombe na da hukumar inshorar lafiya ta GoHealth, Bauchi na da tata mai suna BASHCMA, kuma ta hannunsu ake yi wa marasa galihu rajista a asusun kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF, da dokar lafiya ta 2014 ta kafa. Ana farawa ne daga asibitin matakin farko na gunduma. Ka je da lambar NIN, ka tambayi jami'in tebur ko maganin naka yana cikin jerin da ake bayarwa da yadda ake samun lambar turawa, domin in ka tsallake wannan matakin ka wuce babban asibiti kai tsaye, daga aljihunka za ka biya. A asibitocin koyarwa kuma akwai ofishin jami'an walwala da ke duba lamarin marasa ƙarfi. Mutane kaɗan ne ke ƙwanƙwasa ƙofarsu, kuma gara a je tun ranar kwanciya, ba ranar sallama da bashi ya taru ba.

Addu'a da ruƙiya ba su hana magani, malamin kirki ma shi zai ce a haɗa. Wanda ya ce a zubar da ƙwaya, ko a kawo yaro a sa masa mari, a guje shi. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin kariya daga azabtarwa da wulaƙanci. Mai jegon da ta daina barci, ta fara sambatu ko tsoron jaririnta a makonnin farko bayan haihuwa, ba ta jiran ranar asibiti. A kai ta sashen gaggawa a daren, wata ta riƙe jaririn.