Sai da na mayar da kyamara inuwa kurege ya shigo hoto

Jama'a, jiya da la'asar na zare katin kyamara, kuma karon farko cikin mako biyar na samu kurege sukutum a hoto, ba bakin jela kaɗai ba. Ga shi kwance rub-da-ciki a gindin ƙaya, ya baje ƙafafu huɗu kamar an shanya fata, farin layin nan na haƙarƙarinsa ya fito ras. Ban san sau nawa na buɗe hoton nan ba kafin magariba.

Ramin nasu yana bayan katanga, bai fi taku goma sha biyar ba. Da idona ina ganinsu kullum da hantsi: ɗaya ya leƙo, ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya duba gabas da yamma, sannan sauran su biyo. Amma kyamarar da na girke musu a bakin ramin, irin wadda ke ɗaukar hoto da kanta in dabba ta gitta, kamar an rufe mata ido. Da dare aikinta ba laifi. Ta ɗauko mini bushiya, ta ɗauko ɓerayen daji masu dogayen ƙafafu, har wata yanyawa da ta ratsa sau ɗaya da asuba. Gari na wayewa sai kati ya cika da ɗaruruwan hotunan yashi da busasshiyar ciyawa, babu ko inuwar dabba.

Batir na fara zargi. Na kwashe na ciki na sayo masu litiyam guda takwas, kuma wallahi har yau in na tuna kuɗin sai na ji a ƙirjina. Ba abin da ya canza. Na sauya kati, na ƙara ƙarfin jin na'urar zuwa ƙololuwa, sai hotunan banzan suka ninka. Saura kaɗan in tattara ta in jefa a akwati.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Muna cewa kyamarar "tana jin motsi", kuma wannan maganar ce ta ɓatar da ni. Ƙaramar tagar da ke ƙasan gilashin zafi take ji: sai wani abu mai zafi dabam da na bayansa ya gitta sannan ta farka. Jikin kurege yana wajen digiri 38. Yashin da ke rana kuwa da sanyinsa yake kwana, sannan ya yi ta hawa har ya haura 60 da tsakar rana. Ke nan akwai lokacin da zafin ƙasa ke yin kunnen doki da na jikin dabbar, kuma lokacin shi ne hantsi, daidai sa'ad da suke kiwo. Na ari ma'aunin zafin nan da ake nuna wa abu daga nesa na gwada: ƙarfe tara da rabi, bakin ramin yana 37. A wurin kyamara, kurege da yashi duk ɗaya ne. Su kuma hotunan banza, ciyawar da rana ta gasa ce iska ke kaɗawa a gaban tagar. Bushiya ba ta taɓa kuɓuce mata ba saboda da dare ƙasa ta huce.

Da na gane haka sai na bar bakin rami, na koma bin inda suke zuwa in zafi ya ishe su. Kurege ba ya jimawa a rana. Zai yi kiwo na ɗan lokaci, ya ruga inuwa ya manna cikinsa a ƙasa mai sanyi ya sauke zafin jikinsa, sannan ya koma. Ƙasar gindin ƙayar nan ta tsaya a ƙasa da 30 har sha ɗaya. Can na kai kyamarar, na sauko da ita zuwa taƙi ɗaya daga ƙasa, na juya wa rana baya, na nome ciyawar gabanta tas. Na kuma karkata ta yadda zai gitta ta gefe, don ba ta cika farkawa ba in dabba ta nufo ta kai tsaye. Wannan na ƙarshen ban so in yarda da shi ba sai da na gwada da tafin hannuna.

Kaskon ruwan da na ajiye a fili kuma na ɗauke shi. Kurciyoyi sun ji daɗinsa, amma kwana uku kacal shaho ya gano wurin, ya mayar da kan katangata wurin dako. Ni na jawo, kuma abin bai yi mini daɗi ba. Yanzu kaskon yana ƙarƙashin rassa.

Har yanzu damo ya gagare ni. Ina ganin sawunsa da jan wutsiyarsa a yashi kowace safiya, amma jikinsa zafin wurin da yake kwance yake ɗauka, don haka dabarar inuwa ba ta kama shi. Haka ƙadangaru, haka macizai, ko maciji ya shiga rami kyamarar ba lallai ta nuna mini ba, shi ya sa ban taɓa zura hannu a tsohon ramin kurege ba. Na saita kyamarar ta riƙa ɗauka da kanta duk minti ɗaya daga tara zuwa sha biyu, in ga ko zai faɗo. Wanda ya taɓa gwada wannan a cikinku, kwana nawa batir ya yi maka? Don ni dai ba zan sake sayen takwas a watan nan ba.