Sharhin Kiɗan Jita Daga Shagon Tura Waƙa a Birnin Kebbi

Sana'ata cajin waya da tura waƙoƙi a memori, kuma duk mai wannan sana'a ya san tambayar da ba ta ƙarewa a bakin shago: "Wacce ta fi daɗi?" Idan waƙar fim ce ko ta siyasa, amsar ba ta da wuya, don mai tambayar ma ya riga ya ji ta a gidan biki. Wahalar tana zuwa ne a kan kiɗan jita, wanda direbobin hanyar Kamba da Dosso suka fara kawo mini a wayoyinsu. Ta nan na shiga sauraron rok, daga baya na zarce har irin wanda ake kira furogiresif, mai dogayen waƙoƙi da sauye-sauyen kiɗa. Yau ga ni ina yi wa mutane sharhinsa da baki, wani lokaci in rubuta gajere in tura wa abokai.

Abu na farko da na gane shi ne, ba a jefa baƙon kunne cikin zurfi. Ta kusa da gida nake farawa, wato Nijar. Mdou Moctar ɗan jihar Tawa ne, bahago, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan ta kwamfuta da ake yi wa waƙoƙin finafinanmu. Ba rediyo ya yaɗa shi ba, daga waya zuwa waya ya yi ta yawo, har wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsince shi ya sa waƙa ɗaya daga cikinsa a tarin waƙoƙin wayoyin Sahara da ya fitar a 2011. Idan na faɗi wannan a shago sai ka ga fuskar mutum ta sake, don ya gane ta hannun irinmu wannan kiɗa ya isa Amurka. Sannan in sa masa Afrique Victime na 2021, in ce ya bi ganga kawai: waƙar tana farawa a tsanake, ta yi ta ƙara sauri har jitar ta koma kamar tana kururuwa. Bayan shi sai Bombino na Agadas, sai Tinariwen na Mali da suka ci lambar yabon waƙa ta Amurka, Grammy, a 2012.

Wanda ya jure wannan, nakan kai shi Legas ta shekarun 1970, wajen ƙungiyoyin rok irin su BLO, da kuma Ofege waɗanda 'yan makarantar sakandare ne lokacin da suka yi tashe. Matasa da yawa ba su san an taɓa yin rok a ƙasar nan ba, balle su san a Legas mawaƙin Ingila Paul McCartney ya ɗauki mafi yawan kundinsa Band on the Run a 1973.

Sai babban aikin, wato furogiresif. Kundin The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, shi ma na 1973, minti 43 ne ko kusa da haka, kuma waƙoƙinsa a sarƙe suke, wata na shiga cikin wata. Wanda ya tsinko guda ɗaya ya saurara a kan babur bai ji kundin ba. Shi ya sa ba na yarda in yi sharhin irinsa sai na rufe shago bayan Isha'i, na kashe janareta, na saurare shi daga bugun zuciyar da ya buɗe shi har ƙarshe, waya a kife. A waƙar "Money" nakan sa mutane su tafa hannu su ƙirga. Sun saba da huɗu-huɗu, sai su ga lissafi ya ƙi fita, don bugu bakwai ne yake zagayowa. Can da David Gilmour, mai jitar ƙungiyar, ya shigo da jitarsa sai kiɗan ya koma huɗu, ka ga kafaɗu sun fara motsi da kansu. Wannan ƙirgen ya fi mini amfani a kan in ce "kiɗan ya haɗu", maganar da ba ta nuna wa kowa komai.

Wanda ya fi buɗe mini ido kawuna ne, tsohon manomin shinkafa daga wajen Argungu, da yakan zauna a bencina idan ya shigo gari. Ran nan na sa Close to the Edge na ƙungiyar Yes, na 1972, waƙa guda mai minti 18 da ɗoriya. Samari biyu suka tashi tun kukan tsuntsayen farko bai gama ba. Kawu kuwa ya zauna, carbi a hannu, har ta ƙare. Na ce, "Kawu, ba ka gaji ba?" Ya ce, "Ɗana, wanda ya saba da Ɗanƙwairo ai tsawon waƙa ba ya ba shi tsoro. Ka ji sun tafi yawo sun dawo ga gindin waƙa? Amma 'yan amshinsu ba su kai na kotso ba." Gaskiya ya faɗa. Makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo da Narambaɗa da Sa'idu Faru suna kafa gindi, su yi ta jero ɗiya, su komo, 'yan amshi na karɓa suna ƙari. Kunnen da ya tashi da wannan ya riga ya iya haƙurin da furogiresif yake nema, kuma ina ganin ya fi kunnen da ya saba da yankan daƙiƙa talatin na TikTok shiri. Tun daga ranar, idan zan bayyana doguwar waƙa, nakan nuna inda gindinta yake da inda ta komo masa.

Akwai kuma tambayar da ba a tsallake ta a nan: "Me yake cewa?" Mutanenmu ba sa sakin jiki da waƙar da ba su san abin da ta ƙunsa ba, kuma ina ganin suna da hujja. Don haka kafin in yaba, sai na nemi ma'ana. In waƙa tana maganar kwaɗayin kuɗi ko gudun lokaci, in faɗa. In akwai batsa a ciki, in faɗa tun kafin magidanci ya kai ta gida. In kuma wani sashe ya yi tsawon banza, makaɗa suna nuna gwaninta kawai, shi ma ina faɗa, ko da kundin ya yi suna a duniya.

Labarai kuwa, ba na ɗaukar na bakin tasha. An sha zuwa mini da cewa wane ya rasu ko ƙungiya kaza ta watse, sai in duba shafin mawaƙin ko na kamfanin da ke fitar da kundinsa. Haka na yi da kundin Funeral for Justice na Mdou Moctar, sai da na ga sanarwar kamfanin Matador a 2024 sannan na gaya wa direbobin Kamba su fara tanadin wuri a memorinsu.