Gidaje biyu na Arkwright a Cromford

Asabar

Yau na wuni a Cromford, wani ɗan ƙaramin gari da ke Derbyshire a Ingila, inda Richard Arkwright ya kafa masaƙarsa ta kaɗin zaren auduga mai aiki da ƙarfin ruwa a 1771. Mutumin nan wanzami ne tun farko, ɗan talakawa daga Preston, amma kafin rasuwarsa sai da Sarkin Ingila ya ba shi sarautar Sir a 1786. Yawancin baƙi injuna suke zuwa kallo. Ni kuwa wurin kwanan mai masaƙar ne ya kai ni.

Gidansa na farko, wanda ake kira Rock House, yana kan wani tudu dab da masaƙar, ta yadda daga tagoginsa maigidan yana iya ganin farfajiyar aiki da duk mai shiga da mai fita. Na daɗe a ƙasan tudun ina ɗaga kai, domin zaman gidan kaɗai ya isa ya nuna halin mai shi: mutum ne da bai yarda dukiyarsa ta ɓace wa idonsa ba, a zamanin da injuna ke juyawa dare da rana, kuma yara ƙanana na cikin masu kwana a kansu. Ita ma masaƙar, ta ɓangaren da ke fuskantar titi, kusan babu taga a hawanta na ƙasa, sai bangon dutse kamar ganuwa. Tsoron yana da dalili, tunda a 1779 masu bore sun ƙone wata masaƙarsa da ke kusa da Chorley.

Da arziki ya bunƙasa, sai ya sayi filin Willersley a 1782, a tsallaken kogin Derwent, ya sa aka fara gina masa katafaren gida mai siffar fada. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wani dogon dutse da ya gitta tsakanin wannan gida da masaƙar, wanda ya kange hayaniyar aiki da gidajen ma'aikata daga idon mai zama a ciki. A ganina, a nan ne ɗan kasuwa ya fara sha'awar zaman masu gadon sarauta. Sai dai Allah bai nufa ya kwana a ciki ba, domin gobara ta tashi a ginin a 1791 ana dab da kammalawa, shi kuma ya rasu a watan Agusta na 1792. Ɗansa, wanda shi ma Richard ne sunansa, ya gyara gidan ya tare a 1796. Zuriyarsu ta rabu da shi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, 'yan cocin Methodist suka mayar da shi masaukin baƙi, kuma a Yaƙin Duniya na Biyu ya zama asibitin haihuwa.

Da la'asar na bi ta North Street, layin gidajen dutse masu hawa uku da ya gina wa ma'aikatansa wajen 1776. An yi wa hawan sama tagogi masu faɗi saboda magidanta su sami hasken yin saƙa, yayin da matansu da 'ya'yansu suke can masaƙa suna kaɗi. Har yanzu akwai mutane a cikinsu, har da kwandunan shara a bakin ƙofa, don haka ban tsaya ɗaukar hoto ba, na wuce tasha kafin ruwan sama ya yi ƙarfi.